Furanni Shida ga Mai Rai

Wayar ta yi ƙara Vilnis yana tsakiyar aski, rabin fuskarsa cikin kumfa. Da ya ga sunan da ya fito, sai da reza ta kusa suɓuce masa.

Talis.

Ya bar ta ta yi ta ruri har ta gaji. Ta sake kamawa. Ya tsaya yana kallon ta, ya san mutumin sarai: wanda ya saba jiran saniya ta haihu ba zai gaji da jiran waya ba. Ya goge hannu ya ɗauka.

"Tsoho!" in ji muryar, a sake, kamar jiya suka rabu. "Na shiga Aluksne sayen gishirin shanu, sai ga hoton hankakana a takardar talla a bangon kanti, ƙato, baki buɗe. Wai Hankakan Gishiri sun dawo, za su hau dandamali a babban bikin bakin teku. Ni ne ƙarshen ji, kamar kullum. Yaushe za mu fara gwaji?"

Kumfa ta ɗigo wa Vilnis a ƙirji.

"Tali... ai dama ina shirin kiran ka."

"Na sani. Na riga na canza wa jitata tsirkiya. Yatsun nan sun ɗan yi tauri, amma za su tuna. Ranar Lahadi bikin ziyarar maƙabarta ne a ƙauye, ka san dole ka zo wurin mahaifiyarka. Sai mu tsara komai a can."

Ƙit, ya kashe.

Vilnis ya zauna a bakin baho. Ba Talis ne zai riƙe bes, jitar nan mai kaurin sauti, a wannan biki ba. An riga an sa sunan wata yarinya, Madara, an ɗinka mata riga, ta haddace waƙoƙin duka. Kuma babu wanda ya gaya wa Talis. In ana son gaskiya, shekara goma da ɗoriya ke nan babu wanda ya gaya wa Talis komai.

Su huɗu suka fara, tun suna 'yan sakandare: Vilnis a murya da jita, Sarmite a fiyano, Egons a ganguna, Talis a bes. Ɗakin gwajinsu tsohon ɗakin tukunyar ɗumama ruwa ne na wata masana'antar madara da ta mutu, inda hunturu ke sa mutum ya kaɗa jita da safar hannu da aka yanke wa yatsu. Talis ne ya samo mabuɗin, shi ya zana hankakan a jikin ƙofa da ragowar fenti, shi ya raɗa sunan. Suka koma birnin Riga, suka fitar da faifai uku, na biyun ya ba su waƙar da har direbobin tasi suka iya, "Idan Ƙanƙara Ta Saki Kogi".

A kan wannan waƙar rigimar ta fara. Vilnis yana son ta da gudu, yadda rediyo ke so. Talis kuwa kullum sai ya ja ta baya, kamar mai jan doki da linzami. A kan dandamali Egons zai yi gaba, Talis ya yi baya, waƙar ta rabu biyu a tsakiya. Daga nan mahaifin Talis ya rasu, ya koma ƙauye ya karɓi shanu. Yana zuwa gwaji a makare da warin turke a takalmi, yana tashi kafin a gama don tatsar yamma.

Ba su kore shi ba. Mutanenmu ba sa iya kallon idon wanda suka ci baƙin burodi tare da shi su ce masa tafi. Abin da suka yi shi ne suka ce ƙungiya za ta ɗan huta, kowa ya gwada wani abu a gefe. Ai dama an saba: Egons ya taɓa yin faifan ƙarar injuna wanda mutum tara suka saya, Sarmite ta yi na waƙoƙin yara. Sai ga sabuwar ƙungiyar gefe mai suna Ruwan Bututu. A cikinta akwai Vilnis, akwai Sarmite, akwai Egons, da wata yarinya mai saurin yatsu, Madara. Duk lokacin da Talis ya tambaya, amsa ɗaya ce: "Hankaka na hutawa, tsoho. Da ya farka kai za mu fara kira."

To, ga hankaka ya farka.

Da rana shi da Sarmite da Egons suka haɗu a gidan shayin da suka saba, bayan kasuwar tsakiya. Sarmite ta ji labarin wayar, ta ajiye cokali a hankali.

"Ya canza tsirkiya?"

"Haka ya ce."

"Wayyo." Ta rufe fuska da tafin hannu. Ta tsakanin yatsu ta ce, "Kai za ka gaya masa."

"Don me ni?"

"Kai ne mai baki," in ji Egons, yana kaɗa yatsu a gefen tebur. "Ni mai duka ne. In na je, sai dai in buga masa labarin a kan bokiti."

"Tare muka yanke shawarar nan, mu uku."

"Amma kabarin mahaifiyarka ne ke jingine da na mahaifinsa," in ji Sarmite. "Namu matattun suna Jelgava, Allah ya taimake mu. Ka je, ka ja shi gefe, ka faɗa a taƙaice. Ba yaro ba ne."

"Ku zo mu tafi tare mana. Motata na da wuri."

Suka dubi juna, kallo gajere, irin na mutanen da suka riga suka yi magana.

"Lahadi ba za ta yiwu ba," in ji Egons. "Muna da ɗan wani abu da muke gwadawa, ni da ita. Fiyano da ganguna kawai."

"Wane abu?"

"Ba wani abu ba ne," Sarmite ta yi saurin cewa. "A gefe ne. Don dai hannu kada ya yi sanyi."

Hankalin Vilnis yana can wurin Talis, bai ko tsaya a kan maganar ba. Ya shanye kofinsa ya tashi.

Ranar Lahadi ya kama hanya da sassafe. Duk tsawon titin yana gwada jimlar a bakinsa. Tali, ba da kai za a yi ba. Tali, mun samu wata. Tali, ka san yadda abubuwa suke. Kowace ya faɗa sai ta yi masa ɗaci, ya sauke gilashi ya tofar da ita tare da iska.

A ƙofar maƙabarta motoci sun cika gefen titi har cikin gonar wani. Mata sun jera bokitai cike da furannin lambunsu. Ya tsaya gaban wata tsohuwa mai jan ɗankwali.

"Na mai rai ko na kwance?" ta tambaya, ba ta ko ɗago kai ba.

"Na kabari. Mahaifiyata."

"To bibbiyu ke nan, haka ake kai wa matattu, mai rai kuwa sai da ɗaya a kai. Huɗu ko shida?"

"Shida."

Ta ƙirga jajaye shida, ta sake ƙirgawa da yatsa don kada a yi abin kunya, ta ɗaure da zare. "In na mai rai ne da na ƙara maka ɗaya kyauta," in ji ta. "Matattu ba sa ciniki."

Ciki kuwa kamar ranar aure. Duk wanda ƙauyen nan ya taɓa haifa ya dawo: na Riga, na Dublin, na wuraren kamun kifi a Norway, kowa cikin tufafinsa mafi kyau, ana gaisawa tsakanin duwatsun kaburbura, ana leƙen furen maƙwabci a auna da na gida. Vilnis ya saka baƙin tabarau, ya bi ta bayan dogayen bishiyoyi. Dabararsa ita ce ya ajiye furanni, ya tsaya kaɗan, in ya hangi Talis shi kaɗai ya faɗa ya gudu. In bai gan shi ba kuwa, ai ya zo, ba laifinsa ba ne.

Ya isa kabarin ya tsaya cak.

Rabon da ya zo tun bikin bara, kuma ko baran a tsaitsaye ya yi. Ya zaci zai tarar da ciyawa da busassun ganye. Sai ya ga an wanke dutsen, an aske shingen ganyen daidai wa daida, yashin da ke kewaye an bi shi da manjagara, layi-layi kamar an taje gashi, babu sawun ƙafa ko ɗaya. Tulun furen ma cike yake da sababbin furanni fari da shuɗi, babu inda zai soka nasa.

"Kada ka taka min yashi, ɗan birni."

Ya juya. Goggo Spodra ce, mahaifiyar Talis, zaune a ɗan bencin da ke tsakanin kaburburan biyu, jaka a cinya. Ta tsufa, amma idon nan da ke kama su suna shan taba a bayan turke yana nan.

"Goggo. Ina wuni."

"Cire gilashin in ga ko kai ne. Af, shi ne. Ka rame. Matan Riga ba sa dafa abinci ne?" Ta zaro ɗan burodin nama daga jaka ta tura masa. "Ci."

"Wa ya gyara nan?"

"Wa kake zato? Mala'iku? Ɗana ne. In ya zo wurin ubansa sai ya ce manjagara ta riga ta shiga hannu, taku biyu ne. Ya ce kai aiki ya yi maka yawa, kana ta gina ƙasa da waƙa."

Ya gutsuri rabin burodin, ya soka sauran a aljihu.

"Ya ce min za ku dawo," ta ci gaba. "Na ce to, madalla, sai in sa a kai ni bakin tekun nan in gan shi a saman dandamali sau ɗaya kafin in zo in kwanta kusa da wannan." Ta nuna dutsen mijinta da haɓa. "Na riga na gaya wa duk matan coci."

Sai ƙararrawa ta kaɗa. Goggo Spodra ta miƙa masa hannu ya tashe ta, ta kuma ƙi sakin hannun. Haka ta ja shi zuwa filin da ke gaban ƙaramin ɗakin addu'a, furanninsa shida a ɗaya hannun, tana tsayawa a kowane taku.

"Kun gane shi? Ɗan marigayiya Laimdota. Shi ne mai waƙa tare da Talis ɗina. Za su dawo!"

Aka yi ta girgiza masa hannu. Wani dattijo ya ce shi ya koya musu lissafi, su biyun duka ba su iya ba. Vilnis yana murmushi, gumi na bin bayansa.

Fasto ya yi wa'azi, ya karanta sunayen waɗanda aka binne tun bikin bara. Sannan ya matsa gefe, makaɗa suka fito daga bayan ɗakin: tsofaffi huɗu da ƙahonin tagulla, sai na biyar a bayansu, ƙato, gemu ya fara fari, rungume da babban ƙahon nan da ake kira tuba, mai faɗin baki kamar kwano.

Talis.

"Ba ka sani ba?" Goggo Spodra ta raɗa masa. "Duk jana'izar yankin nan su ake kira. Sai an yi layi."

Talis ya kumbura kumatu ya saki sauti ɗaya, mai kauri, wanda Vilnis ya ji a tafin ƙafarsa. Na biyu ya biyo, can a makare. Na uku. Sai da ƙahonin suka shigo a kai sannan ya gane abin da yake ji.

"Idan Ƙanƙara Ta Saki Kogi" ce. Waƙarsa. Amma a tafiyar da Talis ya yi shekaru yana ja ana hana shi, a hankali, kamar mutane shida na ɗauke da akwati a kafaɗa. Kuma filin gaba ɗaya ya buɗe baki. Tsofaffin mata, 'yan Dublin, malamin lissafi, kowa ya san kalmomin.

"Idan ƙanƙara ta saki kogi, ka bar min jirgi a gaɓa."

Ya rubuta layin nan ne don wata yarinya da ta ƙi shi a aji na ƙarshe. A nan kuwa wata mata a gabansa tana rerawa tana share hawaye, hannunta a kan hoton da ke jikin wani dutse. Waƙar ba ta rabu biyu ba. Ta zauna daram, ta fi duk yadda ya taɓa jin ta a rediyo.

"Tsohuwar waƙar binnewa ce," in ji wani a bayansa, yana yi wa ɗiyarsa bayani. "Tun zamanin kakanni."

Da aka gama ba a yi tafi ba, wuri ne na matattu. Amma mata suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya suna miƙa wa makaɗan furanni, yadda ake yi wa duk wanda ya yi kiɗa: wannan uku, waccan ɗaya, wata biyar. Goggo Spodra ta dunguri Vilnis a haƙarƙari.

"Je ka mana! Abokinka ne. Kana tsaye kamar turken shanu."

Ta tura shi da ƙarfin da bai zaci tana da shi ba. Ya tsinci kansa a tsakiyar fili, ido ɗari a kansa, Talis a gabansa yana goge bakin tuba da hanki. Duk jimlolin da ya gwada a mota suka watse. Kansa babu komai. Hannunsa ne kawai ya tuna yana riƙe da wani abu, ya miƙa.

Talis ya karɓa.

Wata mata ta ja numfashi da ƙarfi. Wata ta yi alamar gicciye. Shirun ya bazu daga gaba zuwa baya kamar ruwa a kan tebur, don babu macen da ke filin nan da ba ta ƙirga furen hannun mutum tun daga nesa.

Talis ya ɗaga damin sama, ya bi kawunan da ɗan yatsa, a fili, yadda kowa zai gani.

"Biyu. Huɗu. Shida." Ya dubi Vilnis. "Kai, tsoho. Yaushe na mutu ba a gaya min ba?"

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Goggo Spodra ta dafe ƙirji. "Vilni! A gaban idona? Ɗana guda?"

"Kuskure ne, Goggo, na mahaifiyata ne, tulun ya cika, ban..."

"Ƙyale shi, Inna," in ji Talis. "Wannan ce magana ta farko ta gaskiya da ya yi min tun da na dawo ƙauye." Ya miƙa wa ɗaya daga cikin tsofaffin tubarsa. "Zo mu ɗebo ruwa."

Vilnis ya bi shi, kunnuwansa na ci da wuta, mutane suna buɗe musu hanya ba tare da sun dube shi ba. Famfon yana can ƙarshen maƙabarta, inda ake rataye bokitan ban ruwa. Talis ya jingina da shinge, jajayen furannin a hannu.

"To, ga mu. Yaushe ne gwajin?"

"Tali..."

"Talata ta yi min. Laraba likitan dabbobi zai zo."

"Ka bari mana."

"In bar me? Ina tambayar ranar gwajin ƙungiyata. Ko hankaka bai gama hutawa ba?"

Vilnis ya dubi famfo, ya dubi bokitai, ya dubi takalminsa. Babu inda ido zai ɓuya. Ya ji wata tsohuwar dabara tana taso masa a baki, cewa masu shirya bikin ne suka matsa, cewa wataƙila a waƙa ɗaya za a kira shi sama. Ya haɗiye ta.

"Ba da kai za a yi ba," ya ce. Muryar ta fito ƙarama. "Madara ce za ta riƙe bes."

"Ban ji ba. Tuba ta kashe min kunne ɗaya."

"Ba da kai za a yi ba! Kuma ba hutu muka tafi ba. Tun farko ba hutu ba ne. Mun cire ka ne. Mun canza suna don kada mu gaya maka. Ni na kawo shawarar."

Wani tsuntsu ya tashi daga shinge. Talis ya dubi Vilnis. Sannan ya saki numfashi mai tsawo, kafaɗunsa suka sauka.

"Ka ga? Ko minti ɗaya ba ta ci ba."

"Ka sani?"

"Haba, Vilni. Watan farko na ga hotonku a jarida. Kai, Sarmite, Egons, da wata yarinya tsaye a wurina, jingine da akwatin sautina wanda na bari a Riga. Ko saniyata Gauja aka nuna wa za ta gane."

"To don me ba ka ce komai ba?"

"Ni zan kori kaina? In zo Riga in ce, don Allah ku zauna, ina da labari mara daɗi, kun sallame ni?" Ya yi dariya, amma ba ta kai ido ba. "Na ce zan jira in ga wanda zai iya buɗe baki a cikinku. Shekarar farko ina jira da fushi. Daga baya ya zama kamar kallon tukunya, ka ga yaushe za ta tafasa. Kowace sabuwar shekara sai ka turo min gaisuwa, hankaka na hutawa. Na kan karanta wa shanu."

"Ka ce ka canza tsirkiya."

"Jitar tana saman rumbu, ɓeraye sun yi gida a jakarta. Na faɗa ne don ka kasa barci."

"Na kasa."

"Madalla."

Vilnis ya zauna a kan bakin kwatamin famfo, bai damu da jiƙar wando ba. "Kabarin fa? Don me kake gyarawa?"

"Kada ka ɗora wa kanka. Ba don kai ba ne. Mahaifiyarka ta ciyar da ni da miyarta duk shekarun da muke kaɗe-kaɗen banza a ɗakin tukunya. Ita ba ta taɓa canza suna ta gudu ba."

Wannan ta fi furannin zafi. Vilnis ya sunkuyar da kai.

"Waƙar," ya ce can. "Yadda kuka yi ta. Kai ne da gaskiya."

"Na sani. Amma yarinyar ta fi ni hannu, na saurare ta. Ku hau da ita, ku yi gudunku. Ni ranar ma ba ni da lokaci, mutanen nan ba sa duba takardar talla kafin su mutu." Ya nuna filin da kai. "Abu ɗaya ne. Inna ta gaya wa duk matan coci. Kai za ka je ka gaya mata, yanzu, da bakin nan da ya fara aiki. Ba ni ba."

"Za ta kashe ni."

"Wuri na nan kusa, ba sai an yi jigila ba."

Talis ya kwance zaren damin, ya zare fure ɗaya, ya soka shi a aljihun rigar Vilnis.

"Biyar nawa, ɗaya naka. Dukanmu da sauran numfashi." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Af. Su biyun fa? Na zaci za su rako ka."

"Suna da wani abu yau. Fiyano da ganguna kawai, suna gwadawa."

"Su biyu."

"E."

"Ba kai."

"Ba wani abu ba ne, a gefe..."

Bai ƙarasa ba. Kalmomin suka tsaya masa a baki, ya ji ɗanɗanonsu, ya gane su. Shi ya ƙera su da kansa, shekara goma da ɗoriya da suka wuce. Ya tuna kallon da suka yi wa juna a gidan shayi. Ya tuna Egons yana cewa muryar Vilnis ta fara gajiya a manyan wurare, cikin wasa, har sau biyu.

Talis bai yi dariya ba. Da ya yi da ya fi sauƙi.

"In ka iya busa," ya ce, "mai ƙaramin ƙahonmu haƙoransa sun kusa ƙarewa."

Goggo Spodra tana kan bencinta, mata uku tsaye a kanta suna yi mata fifita da takardar addu'a. Vilnis ya tsaya a gabanta, bai jira matan su tafi ba. Ya faɗa duka, da ƙarfi, yadda ba sai ta ce ya maimaita ba: ba za ta ga Talis a dandamali ba, sun cire shi tuntuni, sun ɓoye, shi ne ya kawo dabarar.

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Matan suka daina fifita.

"Laimdota," ta ce wa dutsen da ke gefenta, "kin ji abin da kika haifa." Ta miƙa hannu. "Ba ni burodina."

Rabin da ya rage yana aljihunsa. Ya ciro ya ba ta. Ta mayar cikin jaka ta ja zif, ta miƙe, matan suka kama ta suka tafi, ba wadda ta waiwaya.

Ya rage shi kaɗai. Duk yashin da Talis ya taje ya lalace da sawun takalminsa na birni. Manjagarar tana rataye a bayan dutsen. Ya ɗauko ta ya fara ja, yana tafiya da baya, yana share sawunsa ɗaya bayan ɗaya. Layukansa sun karkace, ba su yi kama da na Talis ba.

Waya ta yi motsi a aljihunsa, ƙarƙashin jan furen. Sarmite.

"Yaya?" ta ce. A bayanta yana jin Egons yana gwada ganga. "Ka gaya masa?"

"Na gaya masa."

"Kai, sannu. Ya ɗauka da sauƙi?"

"Ko minti ɗaya ba ta ci ba." Ya jingina manjagara a kafaɗa. "Sarmi, ki ce wa Egons ya ajiye sandunan. Ina sauraro. Saura ku, ku faɗa min nawa."

Gangar ta yi shiru. Ya tsaya a bakin yashin da waya a kunne, yana jira.